Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Harkokin Waje: a kawo masanan Legas kasuwar Maigatari

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye alli, yanzu ina zaune a garinmu Maigatari, bakin iyakar Jigawa da Nijar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata cibiya da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikatarku, wadda na san a nan garin ko mutum goma ba za a samu da suka taɓa jin sunanta ba: Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Najeriya, wato NIIA, da ke titin Kofo Abayomi a Victoria Island, Legas.

Na koyar da tarihinta shekara da shekaru, don haka ka yi haƙuri in ɗan maimaita abin da ka fi ni sani. An kafa ta a 1961, ƙasa na da shekara ɗaya da samun 'yanci, da goyon bayan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. An yi koyi ne da cibiyar Chatham House ta Landan, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1920 bayan yaƙin duniya na farko ya nuna musu illar barin hulɗar ƙasashe a hannun 'yan tsiraru a ɗaki. A 1971 gwamnati ta karɓe ta da doka. Aikinta bincike, shirya laccoci, buga mujallu, ajiye littattafai da takardu, da bai wa gwamnati shawara kafin ta taka.

Kuma ta yi rawar gani, ba zan rage mata ba. Farfesa Bolaji Akinyemi ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1983, zamanin da Najeriya ke magana Afirka na saurare. A farkon lokacin ne Janar Murtala ya amince da gwamnatin ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola duk da matsin lambar Amurka. Bayan Akinyemi, Farfesa Ibrahim Gambari ya zo, daga baya Farfesa Joy Ogwu. Su ukun nan duk bayan kujerar cibiyar sun kai ga kujerar da kake kai yau. To ka ga ba ƙaramin gida ba ne.

Sai dai ranka ya daɗe, Legas teku take kallo. Mu nan Sahara muke kallo.

Ka zo Maigatari ranar Alhamis, tun da hantsi. A kara za ka tarar da shanu da raguna da raƙuma da suka kwana suna tafiya daga Dungas da Magarya da ƙasar Damagaram. Za ka ga dillali ya kama hannun mai saye ya tura cikin hannun rigarsa suna ciniki, ɗan canji na gefe da damin sefa a dama, naira a hagu, tireloli na jiran lodi zuwa Kudu. Wannan ɗan canjin, kafin rediyo ta faɗa, ya san abin da ke faruwa a Yamai, domin farashi ya riga ya gaya masa. Da yamma mai dabbar zai juya kuɗinsa ya sayi gero da masara da atamfa ya koma gida, gidan da wataƙila matar da ke cikinsa 'yar garinmu ce. Ƙanwata ma can take aure. Idan wannan ba hulɗar ƙasashe ba ce, ban san sunan da za a ba ta ba.

Sau biyu a 'yan shekarun nan muka ga yadda takarda ɗaya ke kashe kasuwa. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe wasu mashigai ba sai Disamban 2020. Sannan sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumi ya biyo baya, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. A watannin nan na ga kara ta zama fili, masu tuwo-tuwo sun kife tukwane tun kafin azahar, yara masu dako na zaune a inuwar mota. Kaya kuwa ba su daina wucewa ba, sai dai suka koma ɓarauniyar hanya da dare a kan babura, kuɗin da talaka zai biya ya ninka. Da aka yi rasuwa a gidan ƙanwata, sai bayan kwana bakwai na samu na yi mata gaisuwa ido da ido, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Ka kuma tuna waɗanda suka fara samun ganin Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, daga ɓangaren Najeriya a lokacin. Malam Muhammadu Sanusi II ne tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Zumunci da harshe ɗaya da alƙibla ɗaya suka buɗe ƙofar da wasiƙun hukuma suka kasa. Irin wannan ilimin ya kamata a ce yana rubuce, an tattara shi, yana kan teburinka tun kafin rana ta ɓaci. Yanzu ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, alhali ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Wa ke nazarin yadda waɗannan biyun za su zauna a tukunya ɗaya?

Roƙona ba mai tsada ba ne. A buɗe wa cibiyar reshe a Arewa, ko ɗaki biyu ne a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, a zuba masa matasa masu jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Faransanci, aikinsu Sahel kawai. Kada su zauna a ofis. Su riƙa zuwa Maigatari da Jibiya da Illela ranar kasuwa, su zauna a tabarmar sarkin zango da shugabannin fatake, su ji yadda burtali ke bi, su rubuta nawa aka sayar da buhun gero kafin a rufe iyaka da bayan an rufe. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta a Yamai. Su yi aiki tare da ita.

Abin da suka gano kuma a riƙa taƙaita shi da Hausa a karanta a rediyo. Mutanenmu ba sa rabuwa da rediyo, makiyayi ma da ita a rataye yake kiwo, kuma ya fi wasu masu digiri sanin sunayen shugabannin duniya. In an gaya masa dalili zai fahimta, in dalilin bai yi ba zai faɗa.

Idan ka amince aka turo su, su sauka ranar Laraba da yamma don su ga shigowar dabbobi. Masauki na wuyana, akwai ɗaki a zaurena.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Maigatari, Jihar Jigawa