A Ba Kiɗan Na'ura Zalla Gurbi a Shafin Nishaɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan shafinku na nishaɗi, wanda labarin mawaƙan finafinai ke cika shi kusan kullum, alhali akwai matasan da ke haɗa kiɗa zalla da na'urar sarrafa sauti, babu murya kuma babu baiti. Kwanan nan na saurari kundin farko na wani matashi a nan Damagaram, wanda ya haɗa shi a ɗakinsa da fiyanon Yamaha da kwamfuta. Ya ɗauko karin gurmi da bugun kalangu ya tausasa sautinsu, sannan ya bar kari guda yana maimaituwa a ƙasa yayin da wani ke hawa kansa sannu a hankali. Wani gidan rediyo ya ƙi saka shi, wai masu sauraro za su zaci an manta da mawaƙin ne.

Wannan salon ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun a 1978 Mamman Sani ya naɗi kundinsa na farko a Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, kuma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, amma sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin a 2013 kafin duniya ta san da shi. Ina ba ku shawara ku tura wakilinku situdiyoyin Kano da Damagaram, ku riƙa yin sharhin irin waɗannan kundaye ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku mai karatu,
daga Damagaram