Kififfiyar Amurka mai cizo ba dabbar ajiyewa a gida ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman matasa masu sha'awar kiwon dabbobin ƙasashen waje da 'yan uwanmu mazauna Amurka da Turai, game da wata kififfiya da ake yawan nunawa a bidiyon intanet, an ɗora ta a tafin hannu ana yaba kyanta. Ita ce kififfiyar nan mai cizo ta Arewacin Amurka, wadda masana ke kira Chelydra serpentina. A ganina bai kamata kowa ya saye ta don ya ajiye a gida ba.

Wadda ake nunawa a bidiyon sabuwar ƙyanƙyasa ce, ba ta wuce murfin kwalbar lemo girma ba, kuma a nan ne masu saye suke ruɗuwa. Idan ta girma, ƙoƙon bayanta yakan kusa kai rabin mita, nauyinta kuma yakan kama daga kilo 5 zuwa 16, har an taɓa kama wadda ta haura kilo 30 a daji. Tana da 'yar uwa da ta fi ta girma a kogunan da ke malala cikin Tekun Mekziko, wadda namijinta kan kai kilo 70 ko fiye. Ita wannan takan kwanta a ƙasan ruwa baki buɗe, tana motsa wani jan nama mai kama da tana da ke kan harshenta, har kifi ya shigo da kansa. Akwatin gilashin da aka sayo tare da ƙaramar ba zai riƙe ta tsawon lokaci ba. Babba tana bukatar kududdufi na musamman da na'urar tace ruwa mai ƙarfi, domin cimarta kifi ce da nama da tsirran ruwa, kuma a cikin ruwan take cin abinci, a ciki take kashi, nan da nan ya ɓaci ya fara wari.

Batun cizon ma yana da dalili a halittarta. Kunkurun da muka sani idan ya ji tsoro sai ya shige ƙoƙonsa ya yi shiru. Ita kuwa ƙoƙon da ke rufe cikinta ƙarami ne ƙwarai, ƙafafu da wuya ba sa samun mafaka, saboda haka idan aka rutsa da ita a tudu ba ta da abin kare kai sai bakinta, wanda yake da kaifi da lanƙwasa a gaba. A cikin ruwa takan guje wa mutum, amma a hannu wata dabba ce daban. Wuyanta dogo ne, takan miƙa shi cikin ƙiftawar ido ta juya baya ta kai ga hannun wanda ya riƙe ta a gefe. Wasu don gudun cizo sukan ɗaga ta da wutsiya, wanda hakan kan ji mata rauni a ƙashin baya. Ba ta sabawa da mai ita sabon da zai hana ta cizo, ko da shi ne yake ba ta abinci kullum, kuma gidan da yake da ƙananan yara masu son miƙa yatsa ga duk abin da suka gani ba wurin zamanta ba ne. Ga kuma ƙwayar cutar salmonela da irin waɗannan dabbobi ke ɗauke da ita ba tare da sun nuna alamar ciwo ba, wadda kan jawo gudawa da zazzaɓi. Saboda yawan yaran da suka kamu, tun 1975 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da kififfiya ko kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon ranta. Takan yi shekaru da dama a raye, kuma binciken da aka daɗe ana yi a gandun Algonkwin da ke lardin Ontariyo a Kanada ya nuna wasu na iya haura shekara 100. Saurayin da ya saye ta yau zai yi aure, ya sauya gida, wataƙila ya bar garin, ita kuwa tana nan tana ƙara girma. Idan ya gaji, abin da aka saba gani shi ne ya kai ta tafki mafi kusa ya sake ta, yana ganin ya yi mata alheri. Haka aka yi a Japan, inda aka riƙa shigo da ita don kiwo, waɗanda aka yasar suka hayayyafa a tafkin Inba da ke yankin Ciba, suna cin kifaye da sauran halittun wurin, har dokar da ta fara aiki a 2005 ta hana shigo da ita da kiwonta ba tare da izini ba, kuma hukumomin yankin suna kafa mata tarko shekara da shekaru. A 2013 a garin Irsee na jihar Baberiya a Jamus, wani yaro mai shekara 8 ya fito daga iyo a wani tafki da agararsa a yanke, aka zargi waccan 'yar uwar tata da ta fi ta girma da yin haka, aka kwashe ruwan tafkin gaba ɗaya ana nemanta, ba a same ta ba. A 2024 ma an tsamo wata daga wani ƙaramin tafki a yankin Kambiriya na Ingila.

A ƙasarta ta asali kuma cinikin yana cutar da ita. A arewacin yankinta mace takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, kuma galibin ƙwan da take binnewa a rairayi namun daji ne suke tonewa su cinye, don haka duk babbar da aka ɗauke daga ruwa, maye gurbinta yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Ontariyo ta hana farautarta a 2017, sannan a 2022 taron yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Panama ya sanya ta da babbar 'yar uwarta cikin jerin dabbobin da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini.

Na san wani zai ce ai mu ma mun saba ajiye kunkuru a gidajenmu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, amma kunkurun Sahel ciyawa da ganye yake ci, yana yawonsa a tsakar gida, kuma yanayin ƙasarmu nasa ne. Duk da haka shi ma abin da ya same shi a Amurka ya isa izina: ana sayen 'ya'yansa suna ƙanana, idan suka girma suka fara haƙa rami a farfajiya sai a kai su gidajen ceton dabbobi, alhali a dazukanmu yana ta raguwa. Musulmi ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tsare dabbar ruwa mai kilo 15 a kwandon roba shekara da shekaru yana da alhaki, ko da ana jefa mata kifi.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, saboda haka ina kira ga Hukumar Kwastan da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, su riƙa neman takardun izini daga duk mai shigo da irin waɗannan dabbobi, su kuma sa ido a kan masu tallata su a Facebook da TikTok. Wanda kuwa ya riga ya saya, a nan gida ko a ƙetare, kuma ya ga ta fi ƙarfinsa, kada ya jefa ta a kogi ko madatsar ruwa. Ya tuntuɓi likitan dabbobi ko gidan zu ko hukumar kula da namun daji ta inda yake zaune, su nema mata inda za a iya riƙe ta.

Na gode.

Naka,
Wani makaranci daga Zariya