A riƙa tambayar masu goge ƙasa kafin a sayo masu bokiti

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu otel, butik, farmasi da shugabannin buro na nan Damagaram. Batun bokitin goge ƙasa ne, na san wani zai yi dariya amma ba shi ke ɗauka ba.

Abin da na lura, maigida in ya aiki yaro kasuwar Dole cewa yake a sayo babba, wai ya fi auki. To lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce fa. Wannan mai taya da wurin matsa tsumma da ke cin lita 30 ko fiye, an yi shi ne don shimfiɗaɗɗen wuri mai karo (wato tayil), doguwar baranda irin ta asibiti ko babban zauren taro, turawa ake yi ba ɗauka ba. Ka ba baiwar Allah shi a gidan bene ko inda sai ta ratsa rairayi daga famfo, taya ta nutse, dole ta ciccibi abu da bayanta. Ɗan ƙaramin buro ko shago kuwa lita 10 zuwa 15 ya isa.

Amma babbar matsalar ita ce ruwa, kowa ya san halin garin nan musamman da bazara, bido saye ake yi wajen 'yan garuwa, saboda haka wanda ya juye bido guda cikin ƙaton bokiti ba zai yarda ya zubar ba ko da ruwan ya koma kunun kanwa, haka zai yi ta shafa ƙurar hunturu daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙasa ta bushe ka ga zane-zane, jabel ɗin ma, wato ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ciki, in datti ya yi masa yawa ƙarfinsa raguwa yake. Ni a ganina gara matsakaita guda 2, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, sai na ɗaurayan kawai a riƙa canzawa. Kuma kada a cika har baki, a bar wurin da tsumma zai shiga ba tare da ruwa ya fantsama ba.

In za a saya a tafi da mai aikin da tsumman nata, a gwada ko kan sandar na shiga wurin matsawa, da yawa ba sa shiga.

Wani mai karatu daga unguwar Birni, Zinder