Ƙyallin kwalin magani ba shi ne shaidar nagarta ba

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan ɗan tambarin nan mai ƙyalli da ake liƙa wa kwalin magani da katin banki da takardun shaida, wanda ake cewa hologiram. Mutanenmu da yawa in sun shiga kemis kwalin kawai suke ɗan karkatawa, da sun ga launi ya canza daga kore zuwa ja shikenan hankali ya kwanta wai ai orijinal ne. Ni malamin fiziks ne a sakandare, kuma wallahi abin nan yana damuna, don yin wannan ƙyallin kullum sai ƙara araha yake.

Babu wani fenti mai launi a jikin tambarin fa. Wasu ƴan layuka ne sirara ƙwarai a jere, in haske ya faɗa musu sai ya watse kowane launi ya kama gabansa, shi ya sa kake ganin bakan gizo. Duk mai tsohon faifan CD a gida yana da irinsa, tsakanin layi da layi a jikin CD maikiromita 1.6 ne, wato layi 625 a cikin milimita ɗaya tak, na DVD kuma 0.74. Dennis Gabor ne ya fara fito da dabarar hologiram a 1947 har aka ba shi kyautar Nobel a 1971, amma sai da aka samu hasken leza, wato siririn haske mai launi ɗaya da ke tafiya a miƙe, a 1960 sannan abin ya yi aiki sosai. MasterCard ta sa shi a katinta a 1983, Visa ta biyo baya da nata mai hoton kurciya a 1984. A lokacin dole a yarda da shi, don sai kana da ɗakin gwaji mai tsada da tebur wanda ba ya ko motsi, ka sassaƙa uwar tambarin, a juye ta a farantin nikel, sannan a dinga buga ta a jikin leda mai rufin alminiyam. Ɗan jabu na bayan layi ina zai samu wannan?

To yanzu zamani ya canza. A 2015 masu bincike a jami'ar ITMO da ke San Fitasbag a Rasha sun nuna ana iya fitar da hoton hologiram da firinta mai fesa tawada, irin ta ofis ɗin nan, sai dai tawadar tasu ba ta da launi, da sinadarin titaniyam dayoksaid aka haɗa ta, ana fesa ta a kan leda mai ƴan layukan nan sannan a shafe da banish, sai ƙyallin ya fito a daidai inda tawadar ta taɓa kawai. A shekarar dai wasu a jami'ar Bamingham ta Ingila suka shafa tawada siririya a jikin gilashi, suka harba mata leza da madubi a baya, hasken da ke zuwa da wanda ke dawowa suka haɗu suka ƙone tawadar layi-layi cikin ƙiftawar ido. Ni a matsayina na malami abin ya burge ni matuƙa, don da wannan hanyar za a iya buga gilasan na'urori marasa kauri kamar takarda da kayan gwaji masu araha da talaka zai amfana. Amma abin da ya yi wa mai bincike araha ai ya yi wa mugu ma.

Kuma tun kafin wannan arahar ma an riga an ci amanar ƙyallin. A kudu maso gabashin Asiya, irin su Kambodiya da Laos da Myanmar, an cika kasuwa da jabun maganin zazzaɓin cizon sauro na atesunet, ana kwaikwayon tambarin kamfanin Guilin na Sin, wani bincike da aka wallafa a 2008 ya ƙirga jabun hologiram har iri 16, wasu sai an sa gilashin ƙara girma kafin a gane su. Uwa ta sayi magani ta ga yana ƙyalli ta ba ɗanta, alhali babu komai a cikin ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, mu ma muna cikin wannan lissafin.

Roƙona ga jaridarku ku dinga tuna wa jama'a tsarin nan da NAFDAC ta fara a 2010, na kankare bayan kwalin magani kamar katin waya a tura lambar ta tes kyauta a jira amsa. Ba kowane magani ke da shi ba, amma inda yake, ya fi karkata kwali nesa ba kusa ba.

Ƴan uwana malamai kuma mu daina cewa babu kayan aiki a wannan darasin. Tsohon CD da ƴar lezar nan ja ta jikin makulli sun isa. Ka rufe tagogin aji, ka haska lezar a jikin faifan daidai, za ka ga ɗigo ja ya fito a gefe kusan digiri 24, ka canza da DVD ya buɗe ya haura digiri 60, ka ba yara rula su auna su lissafa tazarar layukan da kansu. A dai kula kar wani ya haska a idon ɗan uwansa. Ko a shagon buga takardu na bakin kasuwa, firinta mai ɗigo 1200 a inci tana iya buga layuka a kan farar leda mai gani, ka haska leza ta ciki daga mita uku ka ga ɗigo-ɗigo sun jeru a bango. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu su sa wannan gwajin a cikin aikin ɗakin gwaji na ajin ƙarshe, kuɗinsa bai kai na kwalin alli biyu ba in an samu faifan a gida.

Naku,
Wani malamin fiziks daga Zariya