Dillalin da ya ce ba ya karɓar la'ada, a tambaye shi me yake ci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan dillalan hannun jari na intanet, waɗanda tallarsu ta cika mana wayoyi. Ɗan yayana ne ya zo mini a makon jiya da manhajoji uku, yana so in zaɓar masa ɗaya ya fara zuba ɗan abin da yake tarawa. Na tambaye shi wacce ta fi kwanta masa a rai, ya nuna mini wadda aka rubuta "babu la'ada" da manyan baƙaƙe. Na ce masa ai duka ukun haka suka rubuta. Dariyar da na yi masa ba ta yi nisa ba, don shekara bakwai da suka wuce da wannan ma'aunin na zaɓi nawa dillalin, kuma na ji a jikina.

Ba kushe arahar nake yi ba. Kafin ranar 1 ga Mayun 1975, la'adar dillalai a kasuwar hannun jari ta Amurka ƙayyadadda ce, babu ciniki. Da hukuma ta soke wannan tsari sai kamfanoni irin Charles Schwab suka fito da dillancin rangwame: ba su ba ka shawara, umarninka kawai suke aiwatarwa. Aka kafa Robinhood a 2013 da taken ciniki kyauta, zuwa Oktoban 2019 Schwab da Fidelity da sauran manya duk sun mayar da la'adarsu sifili. Mai ƙaramin ƙarfi ya amfana, wannan ba a musu.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani mai ma'aikata da ofis da kuɗin talla dole yana da inda yake ci. Wata hanyar ita ce, idan ka danna "saya", dillalin ba lallai ya kai umarninka kasuwa kai tsaye ba. Yakan miƙa shi ga wani babban ɗan kasuwa da ke biyansa lada a kan kowane umarni, shi kuma ya ci daga tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. A Disambar 2020 Robinhood ta amince ta biya tarar dala miliyan 65, bayan SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ta zarge ta da ɓoye wa abokan cinikinta wannan hanyar samun kuɗi. Hukumar ta ce farashin da aka riƙa ba su ya jawo musu asarar sama da dala miliyan 34, ko bayan an cire la'adar da aka yafe musu. Wata hanyar kuma kuɗinka da ke kwance a asusu ne: su juya shi, su ba ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ma su hana ka. Ga kuma bashin da suke ba mutum ya sayi hannun jarin da ya fi ƙarfin aljihunsa, da kuɗin ruwa a kai.

Ni ta wajen canji aka kama ni. Kuɗin da nake samu daban, kuɗin da ake cinikin hannayen jarin da shi daban, kuma dillalin nawa yana cire kashi ɗaya da rabi cikin ɗari duk lokacin da aka canja. Wajen shiga a cire, wajen fita a cire. Kashi uku ke nan sun tafi tun kamfanin da na saya bai motsa ba. Ban gano ba sai bayan wata goma sha huɗu, ranar da na zauna da takardun asusuna da biro. Abin yana rubuce kuwa, a shafi na shida na jadawalin kuɗaɗensu, wanda na danna "na amince" ban buɗe shi ba. Mutane na raina kashi ɗaya. Wanda jarinsa ke haɓaka da kashi 7 a shekara, in ana zaftare masa kashi 1 duk shekara, bayan shekara 30 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya samu ya salwanta. Kowa na iya gwada lissafin a wayarsa.

Da na ce zan tashi, nan na gane tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Buɗe asusun minti goma ya ɗauke ni, rufe shi mako biyar. Na nemi su mayar da hannayen jarina wurin wani dillali, suka ce ba su da wannan tsari, sai dai in sayar da komai, a sake canja kuɗin, a sake yanka. Babu lambar wayar da mutum zai ɗauka, sai saƙon imel da ake amsawa bayan kwana uku. Tun daga nan, kafin in dubi ƙofar shiga sai na dubi ta fita: nawa ne kuɗin cirewa, kwana nawa ake ɗauka, kuma za a iya ɗauke hannun jarin yadda yake a kai wani wuri?

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne wa ke riƙe da kayan. Manhajoji da yawa fuska ce kawai, wani kamfani ne can a wata ƙasa yake ajiye hannayen jarin. A nemi sunan kamfanin da lambar lasisinsa, a je shafin hukumar da ta ba shi lasisin a duba da ido, kada a yarda da tambarin da aka manna a talla. A Amurka, idan dillali mai rajista da SIPC, wato cibiyar da ke kare dukiyar abokan cinikin dillalai, ya durƙushe, ana kare kowane abokin ciniki har zuwa dala 500,000, ciki har da tsabar kuɗi dala 250,000. Wannan kariya ba ta shafi faɗuwar farashi ba, in hannun jarinka ya karye, asararka ce. Dillalai kuma suna durƙushewa. MF Global ya rushe a 2011, aka nemi kimanin dala biliyan 1.6 na kuɗin abokan ciniki aka rasa, sai da aka shafe shekaru kafin a biya mutane.

Ɗaya daga cikin manhajojin ɗan yayana ma ba hannun jari take sayarwa ba, CFD ne, wato yarjejeniya a kan hawa da saukar farashi, ba ka mallaki komai a kamfanin ba. Hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan asusu asara suke yi. Gargaɗin yana ƙasan shafin da ƙananan baƙaƙe, shi bai taɓa kai ido wurin ba.

Sai manhajar da ke ta kaɗa maka ƙararrawa, wannan ya hau, wancan ya faɗi. Dillalin da ke ci daga yawan ciniki ba ya son ka zauna lafiya. Masana biyu, Barber da Odean, sun bi asusun gidaje sama da 66,000 a wani dillalin rangwame daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, alhali kasuwar ta ba da kashi 17.9. A lokacin ana biyan la'ada, gaskiya ne, amma zumuɗin hannu bai canja ba. Ni dai na kashe duk sanarwar manhajata, sau ɗaya nake buɗe ta a wata, ranar da albashi ya shigo.

Yaron ya goge ta CFD tun muna zaune. Sauran biyun na sa ya aika wa kowacce tambaya ɗaya: wane kamfani ne ke ajiye hannayen jarin, kuma wace hukuma ce ke sa masa ido? Ɗaya ta amsa washegari da suna da lambar lasisi, muka duba muka same su daidai. Ɗayar yau kwana takwas ke nan muna jira, amma sau biyu ta turo masa saƙon garaɓasa in ya gayyato abokansa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai karatu