Sanarwa kan gigin tsufa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya wata ƴar rukuninmu ta ba da labarin kakarta da ta fita da asuba, aka tsince ta a bakin kasuwa yara na bin ta suna kiran ta mayya. Abin ya tsaya min a rai.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, babu ruwansa da maita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, kuma cutar Alzheimer, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa a hankali, ita ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Hawan jini da ciwon suga suna ƙara haɗarinsa.

In tsoho mai gigin tsufa ya tambayi ina matarsa da ta rasu, kada a riƙa ce masa "ai ta rasu", kullum sai ya sake sabon makoki. A karkatar da hirar. A ɗinka lambar waya a rigarsa, a ɗauke ashana da magunguna daga kusa da shi. Mai jinya kuwa, don Allah a riƙa karɓar ta, ita ma tana gajiya.

Masu zama Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana duba irin wannan.