Wasiƙa zuwa ga Abba a Miniyapolis

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da ƙafar Hajiya da ta motsa da shigowar hunturu. Rubutu na zaɓa a kan waya, domin in muna waya kai ne mai magana, ni kuwa "to, to" kawai nake yi, kafin in tattaro abin da ke raina layi ya yanke.

Maganar canjin karatunka ta iso ni, amma ta bakin Ummanka, bayan wata uku tana ɓoye mini. Wannan ya yi mini ciwo fiye da canjin kansa. Injiniya muka tura ka ka karanto, a kansa aka sayar da filin nan da ka sani, a kansa na shanye maganganun Baffanka ranar sunan Ummi ban ce uffan ba. Sai ga shi a ƙarshen shekararka ta biyu, lokacin da ake tsayar da fannin digiri, ka je ka rubuta nazarin al'adun Amurka, ka bar ni ina gaya wa mutanen masallaci ɗana injiniya ne.

Kada ka ɗauka na raina fannin. Shekara 35 na yi riƙe da alli, ban taɓa yarda cewa ilimi sai na ƙarfe da allura ba. Na sa ƙanwarka ta buɗe mini jerin darussan da ka turo mata, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ga ba tarihi ne zalla ba, ba kuma adabi ne zalla ba: a zango ɗaya kuna da darasin bauta da yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, da na kiɗan baƙaƙen fata, da na finafinai, da na dokokin shige da fice, har da na mutanen Dakota da Ojibwe da Turawa suka tarar a ƙasar da jami'arku take a kai. Na kuma ga fannin yana da tushe, tun shekarun 1930 ake koyar da shi, malamansa suna da ƙungiya tun 1951. Abin da za ka ci da shi bayan shekara huɗu, wannan tambaya ce da kai za ka amsa. Ka dai san injiniya na iya samun izinin aiki na shekara uku bayan kammalawa, naku kuwa wata 12 ne, kuma a nan gida ban san ofishin da ke cigiyar masanin al'adun Amurka ba, sai ko koyarwa ko jarida ko aikin jakadanci. Amma arziki na Allah ne, ni ma da alli na ciyar da ku.

Rubutun da ka yi a kan mutumin Kukawa na karanta shi sau uku. Wallahi ban taɓa jin labarin Muhammadu Ali ɗan Sa'idu ba sai a bakinka, ni da na koyar da tarihin Borno shekara da shekaru. Yaro ɗan babban gida, a kama shi a tsallaka Sahara da shi a matsayin bawa, ya ga Tarabulus da Santambul da Rasha, ya ƙare a Amurka da sunan Nicholas Said, ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Masacusets a 1863, daga baya ya koyar a makarantu, ya kuma rubuta labarin rayuwarsa da hannunsa. Na kai wa Malam na ƙofar gida, na fassara masa, ya daɗe shiru sannan ya ce Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye maka ba.

To, ba duk wannan ne ya hana ni barci ba. Hoton nan ne. Ɗan Gwaggonka ya nuno mini shi a Facebook ranar Juma'a bayan an sauko: kai ne a sahun gaba, da hular sanyin da Ummanka ta saƙa maka, ka ɗaga kwali sama, bakinka a buɗe, 'yan sanda a jere a bayanku. Na ce masa ba kai ba ne, alhali tun kallon farko na gane ka. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, abincin rana ma ban ci ba.

Abba, me ya kai ka? Su waɗanda ke gefenka a hoton 'yan ƙasa ne. In an kama su, iyayensu na nan kusa, lauya na nan, gobe su koma aji. Kai fa? Takarda ɗaya ce ke riƙe da kai a ƙasar, kuma wanda ya ba ka ita yana iya karɓe abarsa ba tare da ya nemi jin ta bakinka ba. Baƙo raɓa ne. Tsorona shi ne karatun nan ya sa ka san ciwon ƙasar kamar ɗan gida, har ka manta ba ɗan gida ba ne kai. Kullum kana karanta Rosa Parks da ƙauracewa motocin Montgomery a 1955, kana karanta Martin Luther King da tattakin Washington na 1963, jininka na tafasa, ka ga in ka zauna a ɗaki ka ci amanar abin da ka karanta. Na san wannan zafin, na taɓa ɗauke da shi. Ka san abin da ya sami Kawunka a 1986, ka san wanda ya je ya ɗauko shi, ka kuma san dalilin da Hajiya har gobe ba ta son a kunna rediyo da safe. Ni ma a sahun gaba nake a ranar. Masu cewa tsoro ne ya sa na koma gefe tun daga lokacin, ba su suka wanke shi ba.

Kuma kai da ke nazarin ƙasar ka fi ni sanin inda kake zaune. A garin nan naku aka danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara a watan Mayun 2020, kana gidan nan muka kalla tare. Kafin a haife ka, a 1999, na ji labarin Amadu Diallo ɗan Gini a rediyo: yana tsaye a ƙofar gidansu a New York, ya sa hannu a aljihu ya ciro walat, 'yan sanda suka harba harsashi 41. Bai ɗaga kwali ba, bai zagi kowa ba. A watan Maris na 2025, cikin azumi, ɗalibar nan 'yar Turkiyya ta jami'ar Tufts ta fito za ta buɗa-baki, jami'ai cikin farin kaya suka tare ta a titi suka wuce da ita har Luwiziyana, ta yi sama da mako shida a tsare kafin alƙali ya sa a sake ta. Abin da aka jingina mata, sharhi ne da suka rubuta a jaridar ɗalibai. Sharhi kawai, Abba. Kai kuwa ga fuskarka a intanet, baƙi, Musulmi, ɗan Nijeriya. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

In kana ganin ka girma ka wuce a faɗa maka, to ka tuna ba kai kaɗai ka tafi ba. Da filinmu ka tafi, da kuɗin auren yayarka da aka jinkirta, da hawayen uwarka a filin jirgi. Ba ka da ikon jefa su a titi saboda abokai sun ce a fito. In aka sako ka a jirgi babu digiri, ko aka kira ni cikin dare da labarin da ya fi wannan, waɗanda suka tafa maka ba za su zo gidan nan su zauna da mu ba. Ban yafe ba in ka sake shiga sahun nan. Na faɗa, kuma da sanina na faɗa.

Na ajiye biro na yi sallar la'asar, na dawo na karanta abin da na rubuta. Ban goge ba, amma ka san ba baki nake yi maka ba, Allah Ya tsare. Ban ce abin da kuka fito dominsa ƙarya ne ba, wataƙila ma da ina da shekarunka da tare za a gan mu. Cewa nake kana da hanyar da ta fi kwali. Ka tsaya ka gama karatun, ka yi rubutun kammalawarka a kan mutumin Kukawa da ire-irensa, irin su Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro da ya rubuta labarinsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa. Kai ka yi allo, kana iya karanta abin da yawancin 'yan ajinku sai an fassara musu. Ka kawo mana su gida da Hausa, yaranmu su san an kai namu can, kuma sun riƙe alƙalami.

Maganar hutu kuma, ka je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku ka tambaya da kyau kafin ka sayi tikiti. A watan Yulin 2025 yawancin bizar da ake ba 'yan Nijeriya ta koma ta wata uku, shiga sau ɗaya. In fitowarka za ta jawo sai ka sake neman wata, ka zauna abinka. Shekara biyu ban sa ka a ido ba, zan iya ƙara wata, ni zan lallashi Ummanka.

Ka sa a cire hoton in da hali. Ka riƙe sallah a kan lokaci ko da ranar hunturunku gajera ce, ka riƙa sa safa biyu. Yaji da kuka suna wurin ɗan Alhaji na Kwari da zai taso ƙarshen wata, kilishi an ce ba a shiga da shi. Hajiya na tambayar ko kana cin abinci. Ka kira ta ranar Juma'a, kada ka ambata mata hoton, ba ta sani ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifinka